Sharhi: Bayan cin BAC, a zauna jiran biza ko a yi rajista a jami'ar gida?

Da zarar hukumar OBEECS ta kammala fitar da sakamakon jarabawar BAC, murna kan ɗauki mako guda ko biyu a gidajen waɗanda suka yi nasara. Daga nan sai a shiga wata muhawara da ba a cika jin ta a rediyo ba, amma ana tafka ta a tsakar gida, a fada wajen shan shayi, da kuma rukunonin WhatsApp na dangi: yaron nan ya je ya yi rajista a jami'ar Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, ko kuwa ya dakata shekara guda ya haɗa takardunsa ya nemi gurbin karatu a waje?

Tambayar tana da nauyi, domin a Nijar waɗanda ke cin BAC a kowace shekara ba su kai rabin masu zama jarabawar ba. Wanda ya tsallake, musamman idan ya samu mansiyon, ya zama jarin gidansu baki ɗaya. Kawu da ke Abijan yana da ra'ayi a kansa, yayar da ke aure a Beljiyam tana da nata, maƙwabcin da ɗansa ya tafi Maroko shekaru shida da suka wuce shi ma yana da nasa. A mafi yawan lokuta shawarar da ke rinjaye ita ce mai daɗin ji: kada ka ɓata lokacinka a nan, jira kaɗan, za a fitar da kai.

Wannan al'ada ta zaman shekara guda tsakanin lise da jami'a ta samo asali ne daga ƙasashe irin su Ingila da Amurka, kuma matasa sun fi cin karo da ita a bidiyoyin YouTube da TikTok. Sai dai akwai abin da bidiyoyin ba su faɗa. A can, da yawa daga masu irin wannan hutu sun riga sun samu gurbinsu a jami'a, sai su roƙi a ɗage musu ranar shiga zuwa baɗi. Kujerarsu na ajiye. Ɗalibin Nijar da ya zauna gida ba shi da kujera a ko'ina, yana jiran amsar wasiƙar da wani lokaci ma bai aika ba tukuna.

Kalandar da ba ta jiran sakamako

Abu na farko da ke jefa ɗalibai cikin wannan zama shi ne rashin sanin kalanda. Sakamakon BAC yana fitowa ne da damina, alhali manyan ƙofofin neman karatu a waje sun riga sun rufe tun watanni da dama. Tsarin tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya yana karɓar takardu ne daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. Mai son shiga shekarar farko ta lisans a jami'ar Faransa yakan ajiye dosiyensa ne tsakanin Oktoba da tsakiyar Disamba na shekarar da ta gabata. Jami'o'in Amurka ma galibi sukan rufe tsakanin Nuwamba da Janairu.

Ma'ana, ɗalibin da ya fara tunanin waje bayan ya ga sunansa a jerin masu nasara ya riga ya rasa shigar wannan shekara. Ko ya so ko ya ƙi, zai yi aƙalla watanni goma sha biyu a Nijar. Saboda haka tambayar da ya kamata iyali su yi ita ce a ina zai kwana waɗannan watanni: cikin aji da katin ɗalibi a aljihu, ko bisa benci a ƙofar gida. Abin takaici shi ne Turkiyya, alal misali, tana yarda ɗan ajin ƙarshe na lise ya nemi tallafin tun kafin ya zauna jarabawa, amma kaɗan ne daga cikin makarantu ke tuna wa ɗalibansu hakan a watan Janairu, lokacin da hankalin kowa ke kan bita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na biyu kuma shi ne taswirar da ƴan uwa ke zana wa yaro ta tsufa. Kafin 26 ga Yulin 2023, hanyar Faransa ita ce wadda kowa ya sani: ofishin Campus France a Yamai, ganawa, biza. Bayan juyin mulki Faransa ta dakatar da bayar da biza ga ƴan Nijar, sannan a farkon Janairun 2024 ta sanar da rufe ofishin jakadancinta a Yamai. Mai son bi ta nan a yanzu sai ya nemi wata ƙasa, da kuɗin mota ko jirgi da masauki, kuma ofisoshin jakadanci galibi sun fi sauraron mazauna ƙasar da suke ciki. Amurka kuwa ta fara dakatar da aikin biza a ofishinta na Yamai a Yulin 2025, daga bisani a watan Disamba shugaba Donald Trump ya sanya Nijar cikin jerin ƙasashen da aka hana ƴan ƙasarsu shiga Amurka daga 1 ga Janairun 2026, matakin da hukumomin Yamai suka mayar wa martani da irinsa.

Inda ƙofa ba ta rufe ba, kuɗin shiga ya hau. Kanada ta sanya iyaka ga yawan takardun izinin karatu tun Janairun 2024, kuma daga Satumban 2025 sai ɗalibi ya nuna yana da dalar Kanada 22,895 na zaman shekara guda, ban da kuɗin makaranta da na jirgi, wato wajen miliyan 9 na CFA. Jamus na neman a kulle Yuro 11,904 a asusun banki tun Satumban 2024, kimanin miliyan 7 da jika 800. Ko Yuro 615 a wata da Faransa ta daɗe tana nema ya haura jika 400, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42. Ga ɗaliban makarantun Faransanci da Larabci kuma, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya toshe hanyar Khartoum wadda ta ɗauki ɗalibai da dama a baya.

Abin da ya rage ga ɗan talaka ko ɗan ƙaramin ma'aikaci shi ne guraben tallafi: waɗanda ƙasashe irin su Maroko ke bai wa Nijar ta hannun hukumar ANAB, da waɗanda ake nema kai tsaye kamar na Turkiyya, China da Rasha. A nan ne zaman jira ke cin mai shi ba tare da ya sani ba, domin waɗannan gurabe suna da agogo biyu. Na farko shekarun haihuwa: Turkiyya ba ta karɓar wanda ya cika 21 a matakin lisans, China kuma ta tsaya a ƙasa da 25. Yaron da ya shiga makaranta a makare a ƙauye, ko ya maimaita aji ɗaya ko biyu, yakan ci BAC yana da 20. Shekara guda ta jira na iya fitar da shi daga layin Turkiyya gaba ɗaya. Na biyu shekarun takardar kanta: sanarwar guraben haɗin gwiwa galibi takan nemi BAC ɗin shekarar da ake ciki. Wanda ya ci a bara ya zauna, bana zai tarar ana kiran ƙannensa.

Hujjar masu cewa a jira

Masu goyon bayan jira ba su rasa hujja ba, kuma bai kamata a raina ta ba. Babbar hujjar da ke yawo a intanet ta fito ne daga tsarin Amurka. A can, wanda ya taɓa yin rajista a wata jami'a bayan sakandare, jami'o'i da yawa kan ɗauke shi a matsayin mai sauya makaranta, kuma tallafin kuɗi ga baƙi masu sauya makaranta ya fi ƙaranci nesa ba kusa ba. Shi ya sa ake ce wa ɗalibai a Indiya ko Kenya su guji rajista a gida. Wannan gaskiya ce, amma gaskiya ce ta ƙofar da a halin yanzu take kulle ga mai fasfon Nijar. Wanda ya ƙi rajista a Jami'ar André Salifou don kare matsayinsa a gaban jami'ar Amurka ya saki reshe ya kama ganye.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, domin daga gida ta fito. Jami'ar Abdou Moumouni da aka kafa a farkon shekarun 1970 ta daɗe da cika ta batse. An buɗe jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram a 2010, sannan na Agadas, Diffa, Dosso da Tillaberi a 2014, amma yawan masu cin BAC ya ci gaba da zarce yawan kujeru da malamai. Yajin aikin ƙungiyar malamai ta SNECS, ƙaurace wa azuzuwa da ɗalibai ƴan USN kan yi a kan bashin bursi, da shekarun karatu masu hawa kan juna, duk sun sa lisans na shekara 3 kan ɗauki 4 ko fiye a wasu tsangayoyi. Ɗalibin da ya yi rajista a Oktoba ba lallai ne ya fara darasi a Oktoba ba, kuma ba lallai ne ya riƙe takardar makin zangon farko a hannunsa lokacin da wata jami'ar waje ke nema ba.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba. Maki na bin mutum. Yaron da ya fita lise da 14 bisa 20, ya shiga shekarar farko a ɗakin da ke ɗauke da ɗaruruwan ɗalibai, hankalinsa rabi a aji rabi a kan biza, yana iya ƙare shekara da 9. Idan ya nemi gurbi a waje a matsayin ɗalibin jami'a, wannan 9 ɗin za a gani. Don haka rajistar je-ka-na-yi-ka, wadda ake yi don kawai a ce ana jami'a, tana iya zama mafi muni a cikin zaɓin duka.

To amma a auna da abin da ke ɗaya gefen sikelin. A tsarin LMD da jami'o'in Nijar ke bi, kowace shekarar da aka ci tana bai wa ɗalibi kiredi 60, lisans kuma 180. Babu tabbacin wata jami'ar waje za ta karɓe su duka, kowace tana da kwamitinta, amma suna buɗe damar neman shekara ta biyu ko ta uku a ƙasashen da ke bin irin wannan tsari, daga Dakar da Wagadugu har Turai. Jamus ma, ga takardun sakandare na ƙasashe da dama, takan buƙaci ko dai shekarar share fage a can ko kuma shaidar an yi karatun jami'a a gida. Bursin ƙasa da ɗakin kwana da kantin ɗalibai duk da rajista suke tafiya. Sannan jami'in da ke duba dosiyen biza yana son ganin karatu bai yanke ba. Giɓin shekara guda da ba takardar da ke bayyana shi tambaya ce da dole sai an amsa, kuma "ina jiran biza" ba amsa ba ce mai gamsarwa.

Yadda shekarar jira take a zahiri ma abin dubawa ne. A watan Oktoba akwai ƙwazo: an buɗe adireshin imel, an je shagon intanet an buga takardu, an fara koyon Ingilishi a waya. Zuwa Janairu abokai sun watse zuwa jami'o'i, uba ya fara cewa tunda kana zaune ka riƙa tsare shago, ko wani ɗan uwa ya ba da babur a yi kabu-kabu kafin lokaci. Neman na kai ba abin kunya ba ne, amma lissafi da kimiyyar da aka haddace don BAC suna zubewa da sauri, kuma wanda ya fara riƙe jika biyu ko uku a kullum komawarsa benci na da wuya. Ga ƴan mata lamarin ya fi tsanani. Nijar na cikin ƙasashen da aka fi aurar da yara mata da wuri a duniya, kuma yarinyar da ta kai BAC ta riga ta tsallake matsin lamba na shekaru. Katin ɗaliba shi ne hujjarta a gaban dangi. Ranar da ta zauna gida ba aji, masu zuwa gaisuwa wajen mahaifinta sukan ƙaru, kuma maganar a bari ta gama karatu ta rasa madafa tunda ba karatun ake yi ba.

A cikin wannan zama ne kuma ƴan damfara ke samun kasuwa. Iyalin da ya riga ya sanar wa unguwa cewa ɗansu zai tafi waje, idan wata takwas ya wuce shiru, kunya kan tura shi hannun duk wanda ya zo da alƙawarin takardar shiga jami'a da biza a cikin mako shida. Ana sayar da fili ko shanu a biya. Ya kamata a sani cewa neman tallafin gwamnatin Turkiyya kyauta ne, ɗalibi da kansa yake cike shi a shafin hukumar, kuma babu wani ɗan tsakani da ke da ikon ba da biza. Wasu kuma takardar shigar gaskiya ce, amma ta makarantar kuɗi ce da ba a amince da diflomarta ba ko a ƙasar da take, abin da sai an dawo gida neman daidaita takardu ake ganewa.

Ƴan uwa mazauna waje suna da hannu a wannan lamari fiye da yadda suke zato. Kalma ɗaya daga Lyon, Montreal ko New York ta fi ta shugaban makaranta nauyi a tsakar gida. Amma wanda ya fita a 2015 ko 2019 ya bi hanyar da yau babu ita, kuma "bari zan duba maka" da aka faɗa cikin kyakkyawar niyya ya isa ya hana yaro rajista. Taimakon da ya fi amfani ba shi da tsada sosai: a biya masa kuɗin rajista a gida, a saya masa kwamfuta ko da ta hannu ce, a biya kuɗin fasfo da na jarabawar harshe, a zauna da shi a waya a karanta sharuɗɗan gurbin layi bayan layi. Wanda kuma ya yi niyyar tsaya masa a matsayin mai ɗaukar nauyi, ya faɗi gaskiyar abin da takardar albashinsa za ta iya ɗauka tun kafin a yanke shawara.

Duk da haka akwai jiran da ke da ma'ana. Wanda ya riga ya samu gurbi a rubuce, tafiya ce kawai ta jinkirta, ba shi da dalilin tare kujerar wani a Tawa. Haka wanda ya ƙudurta karatu da Ingilishi, iyalinsa kuma na da halin tura shi Akara, Kano ko Sakkwato ya yi watanni a makarantar koyon harshe ya fito da shaida, wannan shekarar karatu ce, ko da ba a jami'a aka yi ta ba. Sai dai ya lura da cewa sakamakon jarabawar TOEFL, IELTS da TCF duk shekara biyu suke aiki, wanda ya yi su da wuri ba tare da sanin inda zai kai su ba zai sake biya. Masu nufin Turkiyya ko Rasha kuwa ba su buƙatar zaman gida don harshe, domin tallafin ya ƙunshi shekarar koyon harshen a can. Bambancin jira mai amfani da zaman jiran gawon shanu shi ne ko akwai sunan makaranta, ranar rufe karɓar takardu, da adadin kuɗin da aka san inda za su fito. Idan ɗaya daga cikin ukun nan babu, rajista ta fi.

Wani abin da ɗalibai ba su cika son ji ba shi ne ƙofar waje ta fi faɗi a matakin masta. Yawancin tallafin hukumar DAAD ta Jamus na masu digiri ne. Shirin Erasmus Mundus na Tarayyar Turai na masta ne kawai. Turkiyya na karɓar mai neman masta har zuwa ƙasa da shekara 30, China ƙasa da 35. Ɗalibin da ya fito da lisans mai kyau a fannin noma daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ko ya bi ta makarantar EMIG a Yamai, yana da abin nunawa: maki na shekara uku, malaman da suka san shi za su rubuta masa wasiƙar shaida, da batun bincike da ya shafi ƙasarsa. Ya fi ɗan shekara 19 mai BAC kaɗai ƙarfi a gaban kowane kwamiti, kuma masta shekara biyu ce, nauyinta a kan iyali bai kai na lisans da masta a haɗe ba. Tsakanin gida da Turai ma akwai zango, irin su cibiyar 2iE ta Wagadugu mai horar da injiniyoyin ruwa da makamashi.

Rabon hukumomi a nan a bayyane yake. Muddin shekarar karatu ba ta farawa da ƙarewa a kan lokaci, kuma takardar maki na ɗaukar watanni kafin ta fito, iyaye za su ci gaba da ganin jami'ar gida a matsayin wurin da ake zuwa idan an rasa mafita. Sanarwar guraben haɗin gwiwa ma takan zo da wa'adi gajere, abin da ke fifita ɗan Yamai a kan ɗan Tanut ko Madawa wanda sai ya yi tafiya kafin ya haɗa takardunsa.

Ga wanda ya yi rajista bana kuma yana da niyyar gwada sa'arsa, aikin yana farawa ne tun watan Oktoba: fasfo, kwafin takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa, takardun makin lise na shekara uku da hatimin makaranta, da fassararsu idan ƙasar ta buƙata. Takardar shaidar rashin laifi ta kotu ita ce za a bari a ƙarshe, domin wata uku kawai take aiki. Shafin Turkiyya zai sake buɗewa ranar 10 ga Janairu.